Horo Da Jinƙai: Abin Da Rikicin Ahiara Ya Koya Mana

A ƙasar Mbaise, can cikin Jihar Imo, akwai wani gari da a ke kira Ahiara. Tun 1987 garin nan ya zama mazaunin bishof na Ekklesiyar Katolika, watau dayosis. Mutanen wurin kuwa sun yi suna wajen ba da 'ya'yansu ga aikin firist. Bishof nasu na fari ɗan ƙasa ne, ya rasu a 2010. Cikin watan Disamba 2012 Paparoma Benedik na 16 ya naɗa musu wani, sunansa Peter Okpaleke. Shi ma Ibo ne kamarsu, amma daga Jihar Anambra ya fito. Sai firistoci masu yawa da jama'a suka tashi suka ce ba su yarda ba. Suka ce, duk yawan firistocin da Mbaise ta haifa, a ce an rasa ko guda wanda ya isa? Aka yi ta zanga-zanga, aka kulle ƙofofin babbar majami'a. Ko keɓewar da aka yi masa cikin Mayu 2013, sai a waje aka yi ta, kusa da Owerri. Shekara biyar mutumin nan yana ɗauke da sunan bishof na Ahiara, bai taɓa zama a kujerarsa ba.

Ran 8 ga Yuni 2017 Paparoma Faransis ya karɓi wakilai daga Nijeriya a Roma, ya yi magana mai zafi. Ya kwatanta masu ƙin bishof da manoman nan na misalin gonar inabi, waɗanda suka so su cinye gādon da ba nasu ba. Ya ce har ya yi tunanin rushe dayosis ɗin ɗungum, sai ya tuna Ekklesiya uwa ce, ba ta yar da 'ya'yanta. Sa'an nan ya ba da umurni, kowane firist na Ahiara shi da kansa ya rubuto masa takarda cikin kwana 30, ya roƙi gafara, ya yi alkawarin biyayya, ya kuma karɓi bishof da aka aiko. Wanda bai rubuta ba, an dakatar da shi daga aiki ke nan.

Takardu wajen 200 suka isa Roma, amma ƙofa ba ta buɗu ba. Waɗansu suka rubuta cewa suna biyayya ga Paparoma, sai dai bayan shekarun gāba zuciyarsu ba za ta iya aiki tare da wannan mutum ba. Cikin Fabrairu 2018 Bishof Okpaleke ya ajiye aikin da kansa, gama ya ga dagewarsa ba za ta amfani jama'a ba. Paparoma ya karɓa, aka kuma sanar cewa saboda tuban da aka nuna ba za a hori kowa ba.

To, 'yan'uwa masu karatu, an yi daidai ko ba a yi ba? Ba mu kawo labarin nan don mu yi wa kowa dariya ba. Tambayar da ke cikinsa ta kowane gidan Allah ce: in ɗan Ekklesiya ya tashi a fili ya yi jayayya da shugabanninsa, a hore shi ne, ko a ji tausayinsa?

Masu karanta labarin sun kasu biyu. Kashi na fari sun ce Paparoma ya yi sake. Ya ɗaga sanda, da aka ƙi jin tsoro ya mai da ita ƙasa. Gobe wata ƙabila za ta kulle tata ƙofar, gama ta ga an yi an kwana lafiya. Su kan ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Kashi na biyu sun ce ko ɗaga sandar ma bai kamata ba. Uba ba ya ba 'ya'yansa wa'adin kwana 30 kamar mai bin bashi. Su kuma su kan ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kowane kashi yana da gaskiya a bakinsa, shi ya sa maganar ta yi wuya.

Ba Kowace Jayayya Ce Tawaye Ba

Bari mu fara da wannan, gama shugabanni su kan manta da shi. Cikin Galatiyawa sura 2 mun karanta yadda Bitrus ya zo Antakiya yana cin abinci tare da masu bi na al'ummai, da waɗansu Yahudawa suka iso sai ya janye jikinsa. Bulus bai kira shi bayan ɗaki ba. A gaban jama'a ya tsauta masa, domin a gaban jama'a aka yi laifin. Cikin Ayyukan Manzanni sura 6 kuma, masu bi da ke jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce wannan tawaye ne ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin, dukan bakwai ɗin kuwa sunayensu na Helenawa ne. Watau aka ji kukan masu kuka, aka kuma sa aikin a hannun da za su amince da shi.

Ekklesiyar Katolika da kanta ta yarda da wannan. Cikin littafin dokokinta na 1983, doka ta 212 ta ba masu bi iko su faɗa wa makiyayansu ra'ayinsu a kan abin da ya shafi lafiyar Ekklesiya, har ta ce wani lokaci wajibi ne a kansu, muddin sun yi shi da ladabi, ba su kuwa taɓa tushen bangaskiya ba. Doka ta 1341 kuma ta ce shugaba ya kai ga hukunci sa'ad da ya ga gargaɗin ɗan'uwa da tsautawa da sauran dabarun makiyayi ba su isa ba. Wannan ita ce hanyar Matta sura 18: ka je kai kaɗai, sa'an nan da shaidu, sa'an nan gaban jama'a, fitarwa kuwa ita ce ta ƙarshe. Hukuncin nan mafi girma, na yanke mutum daga zumuntar Ekklesiya, masanan dokarsu suna lasafta shi cikin hukuntai na magani. Magani kuwa don mai rai a ke ba da shi, wanda a ke sa rai zai warke.

Amma sanin wannan bai raba gardama ba. Mai ba da magani ya kan yi kuskure ta hanya biyu: ya ba da shi inda babu cuta, ko ya hana shi don yana da ɗaci har cuta ta ci wani. Mu kan ji tsoron kuskure na fari, mu manta da na biyu. Ga wani labari da zai tuna mana.

Wanda Tausayi Ya Kan Manta

A birnin New Orleans, cikin kudancin Amurka, akwai wani babban bishof mai suna Joseph Rummel. A zamaninsa doka da al'ada sun raba farar fata da baƙar fata, har cikin majami'u, inda baƙaƙe ke zama a baya. A 1953 ya rubuta takarda ya ce a daina wannan cikin majami'u. A 1955 mutanen wani ƙauye mai suna Jesuit Bend suka hana wani firist baƙar fata yin sujada, sai Rummel ya rufe ɗakin sujadar. A 1956 ya sake rubutawa, ya ce wariyar launin fata zunubi ne. Duk da haka makarantun Katolika na ƙasarsa suka zauna a rabe. Ya yi ta jira, yana lallashi, yana fatan zukata su yi taushi. Makarantun gwamnati na birnin suka fara haɗa yara a 1960, na Ekklesiya ba su fara ba.

Sai cikin Maris 1962, yana tsoho mai shekara 85, idanunsa sun kusa rufewa, ya ba da umurni a buɗe makarantun ga kowane yaro. Waɗansu manyan Katolika suka tashi a fili, suka yi taro, suka zuga iyaye su janye 'ya'yansu, su kuma hana baiko. Ya aika musu da takardun gargaɗi. Da suka ƙi, ran 16 ga Afrilu 1962 ya yanke mutum uku daga zumunta. Babba cikinsu shi ne Leander Perez, ɗan siyasa mai ƙarfi ƙwarai a wannan yanki.

Yanzu mu tambayi kanmu: a shekarun nan shida, daga 1956 zuwa 1962, da bishof ke haƙuri da masu jayayya, wa ya biya kuɗin haƙurin? Ba bishof ba ne, ba Perez ba ne. Yaran baƙar fata ne, waɗanda aka yi musu baftisma da ruwa ɗaya da sauran, suka yi ta wucewa ta bakin ƙofar makarantar Ekklesiyarsu ba su da damar shiga. Ashe tausayin da aka yi wa mai ƙarfi, daga aljihun marar ƙarfi aka fitar da shi. Ranar da aka hori mutum ukun nan, a ranar ne aka nuna wa yaran jinƙai.

Nan ne mu ke ganin kuskuren masu cewa jinƙai yana gefe guda, horo yana gefe guda, sai a zaɓi ɗaya. Cikin kowace jayayya akwai mai magana, wanda kowa ke ganinsa, akwai kuma wanda maganar ke takawa, shi kuwa sau da yawa ba shi da baki. Shugaban da ya dubi na farin kaɗai zai ce ya yi jinƙai, alhali kuwa tsoro ya ji. Paparoma Faransis da kansa, wanda aka san shi da wa'azin jinƙai, ya gyara sashen hukunci na dokokin Ekklesiyarsa a 2021, ya kuma yarda cewa sakaci da horo ya jawo ɓarna mai yawa a baya. Duniya duka ta san yadda aka yi ta rufa wa waɗansu firistoci asiri bayan sun ɓata yara, ana ce da shi tausayi.

Sai mu ƙara da wannan: ƙofa ba ta rufu a bayan Perez ba. Kafin ya mutu a 1969 an karɓe shi kuma, aka yi jana'izarsa cikin majami'a. Waɗansu sun ji haushin haka. Amma mutumin nan na Koranti da Bulus ya ce a fitar cikin wasiƙarsa ta fari, sura 5, ai don ceton ransa ya ce a yi. Cikin wasiƙa ta biyu, sura 2, Bulus ɗin nan ne kuma ya roƙi jama'a su gafarta wa wanda suka hora, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

A Auna Magani Daidai Da Cuta

Akwai kuma jayayyar da ba ta taka kowa, ta malamai ce a kan koyarwa. Hans Küng firist ne, mutumin Suwizalan, malamin tauhidi a jami'ar Tübingen ta Jamus. A 1970 ya buga littafi yana jayayya da koyarwar nan ta Katolika cewa Paparoma ba ya kuskure sa'ad da ya yanke magana daga kujerarsa a kan bangaskiya. Aka yi shekaru ana musayar takardu. Cikin Disamba 1979 Roma ta janye izninsa na koyarwa da sunan Ekklesiyar Katolika. Ba a yanke shi daga zumunta ba, ba a tuɓe shi daga aikin firist ba, jami'a kuma ta riƙe shi yana koyarwa. A 2005 Paparoma Benedik, wanda dā abokin aikinsa ne a Tübingen, ya karɓe shi suka yi sa'o'i suna taɗi, ko da ya ke ba su daidaita ba. Ya mutu a 2021 yana firist.

Ba mu shiga cikin wane ne ke da gaskiya a kan koyarwar ba. Mutane da yawa ma sun ce ba a ba shi cikakkiyar damar kāre kansa ba, wannan kuwa ƙara ce mai nauyi. Abin da mu ke so mu lura da shi, ma'aunin hukuncin ne. Kowace jama'a tana da iko ta ce wa malami, abin da ka ke koyarwa ba namu ba ne, kada ka koyar da shi da sunanmu. Aka ɗauke abin da jayayyar ta taɓa, aka bar masa sauran. Sau nawa a kan ga an hori mutum saboda magana guda, sai a hana gaishe shi, a ƙi zuwa sunan ɗansa, a hori matarsa da shiru? Wannan ya wuce magani, ya zama ramuwa.

Mu Koma Ahiara

Da waɗannan a hannu, me za mu ce game da Ahiara? A ganinmu in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kukan mutanen Mbaise, cewa ana ƙetare 'ya'yansu wajen naɗi, kuka ne da ya halatta a yi shi, ya kuma cancanci a saurare shi tun da wuri, kamar na gwaurayen nan. Da an zauna da su sosai kafin naɗi, watakila da ba a kai ga kulle ƙofa ba. Amma daga ranar da kukan ya zama hana ɗan'uwa shiga majami'a saboda garin haihuwarsa, ya tashi daga irin jayayyar Bulus, ya koma irin janyewar Bitrus. Akwai wanda aka taka: mutumin da ba a kama shi da laifin kome ba, da kuma talakawan dayosis ɗin, waɗanda suka yi shekaru ba makiyayi zaune a tsakaninsu. Don haka ba mu ga laifin Paparoma da ya tsauta ba. Yin shiru da ya zama irin haƙurin nan da marar ƙarfi ke biya.

Sai dai wa'adin kwana 30 ya nuna iyakar abin da tsoro ke iya saye. An nemi takarda, an sami takarda. Zuciya kuwa ba ta zuwa cikin ambulan. Da an dakatar da firistocin duka, da dubban masu bi sun rasa Jibin Ubangiji, su da ba su kulle ƙofar kowa ba. Horon da zai faɗa a kan tumaki fiye da makiyayan da suka yi laifi, gara a mai da shi kube. Mun ga dai an yi daidai da ba a zartar ba. Amma kada mu ce an rabu lafiya ƙalau. Masu cewa an buɗe wa ƙabilanci hanya suna da abin faɗi, ba mu kuwa da amsar da za ta kwantar musu da rai duka.

Abin da ya kwance ƙullin, ba sandar Paparoma ba ce, ba kuwa taurin kan masu jayayya ba. Marar laifi ne ya ɗauki hasara, ya sauka daga kujerar da ta ke halal ɗinsa. Duk wanda ya san Bishara ya san wannan hanya, ya kuma san wanda ya fara binta. A 2020 aka ba Okpaleke sabuwar dayosis ta Ekwulobia, a 2022 kuma aka naɗa shi kadinal. Amma ranar da ya ajiye aiki bai san za a yi haka ba.

Abin Da Za Mu Riƙe

Mu ma mun san gardamar garin haihuwar mai wa'azi, mun san bencin baya, mun san taron dattawa da a kan yi har dare a kan mutum guda da ya yi magana a fili. Saboda haka kafin a ɗaga hannu a yanke, ya kamata masu riƙon Ekklesiya, ta Katolika ko wata, su yi wa kansu tambayoyin nan.

Ta fari, wa mu ke kārewa? In girman kujerarmu ne kaɗai aka taɓa, mu yi jinkiri ƙwarai, gama mai shari'a a kan abin da ya shafe shi ba ya ganin daidai. In kuwa akwai marar baki da a ke takawa, kada mu kira tsoronmu haƙuri.

Ta biyu, mun ji shi? Ba jin mai jiran ya gama a yanke ba, jin wanda ya yarda watakila Allah ya sa gyaranmu a bakin wannan mai taurin kai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ta uku, hukuncin ya tsaya daidai inda laifin ya tsaya, ko ya malala a kan iyali da jama'a?

Ta huɗu, ta wace ƙofa zai komo, wa kuma zai riƙa zuwa gidansa kafin ya komo? Horon da ba a sa masa mai ziyara ba, kora ce.

Masu jayayya kuma suna da tasu tambayar. In ka tashi ka yi magana a fili, don gyaran gida ka ke yi, ko don a ce kai ka yi nasara? Ka yarda ka ɗauki hasara kai da kanka, ko sai dai wani ya ɗauka maka? Bulus da ya tsauta wa Bitrus bai kulle masa ƙofa ba.

Bishof na Katolika ya kan riƙe doguwar sanda mai lanƙwasa a kai, irin ta masu kiwon tumaki. Lanƙwasar nan don jawo tunkiyar da ta kauce ce. Makiyayi na kirki ya san sandan nan guda ita ce kuma ya ke tare kura da ita, ya kuma san ba kowace tunkiya mai kuka ce kura ba. Sanin bambancin ba ya samuwa daga littafin doka kaɗai. Sai wanda ya san garkensa ɗaya ɗaya, ya kwana cikin raɓa tare da su. Mu yi addu'a Allah ya ba Ekklesiyoyi irin waɗannan makiyaya, ya kuma ba mu zuciyar da za ta karɓi tsautawa ko daga sama ta zo, ko daga ƙasa.